Abu Raihan Al-Biruni, Malamin Da Ya Auna Duniya Domin Daidaita Alƙibla

Godiya ta tabbata ga Allah da ya shimfiɗa mana ƙasa, ya kafa duwatsu a kanta, ya gudanar da ƙoramu a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, idan aka tashi ambaton malaman ƙarni na huɗu da na biyar na Hijira a majalisunmu, sunayen da suka fi saurin zuwa baki su ne na malaman hadisi da fiƙihu, irin su Baihaƙi da Mawardi da Ibn Abdil Barri. A daidai zamanin da waɗannan bayin Allah suke rubuce-rubucensu, akwai wani malami a gabashin ƙasashen Musulmi da ya ƙare rayuwarsa yana leƙa rijiyoyi, yana auna inuwa, yana hawan duwatsu da kayan awo a hannu. Sunansa Muhammadu ɗan Ahmadu, alkunyarsa Abu Raihan, duniya kuma ta san shi da Al-Biruni. Da yawa daga ɗalibanmu sun fara jin sunansa ne a bakin Turawa, ko a ɗan guntun rubutu a Facebook da ke cewa shi ya auna girman duniya shekara dubu da ta wuce. Maganar gaskiya ce, sai dai yadda ya yi awon da dalilin da ya sa ya yi shi sun fi ita kanta maganar amfani.

An haife shi a shekara ta 362 bayan Hijira, wato 973 Miladiyya, a bayan garin Kas, babban birnin ƙasar Huwarizm a lokacin. Wurin yana cikin ƙasar Uzbekistan ta yau, kuma garin da ke nan yanzu sunansa aka sa masa. Kalmar birun a harshen Farisa tana nufin waje, shi ya sa masu tarihi da yawa suke ganin laƙabin nasa yana nuni ne da cewa ɗan bayan gari ne. Huwarizm ƙasa ce da hamada ta kewaye, rayuwarta duka ta rataya ne a kan kogi guda, wanda Larabawa ke kira Jaihun, yau kuma ake kiransa Amu Darya. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ba sai an koya masa muhimmancin ruwa ba. Yana ganin kogin yana cika a tsakiyar zafi lokacin da ba a ga ɗigon ruwan sama ba, yana ganinsa yana cin gaɓa yana rushe gidaje, kuma waɗannan abubuwa sun bi shi har cikin littattafan da ya rubuta da furfura a kansa.

Allah ya haɗa shi da malami tun yana ƙarami, wato Abu Nasar Mansur ɗan Iraƙ, ɗan gidan sarautar Kas kuma gwani a lissafi da ilimin falaki. Biruni da kansa ya ba da labarin cewa a ƙuruciyarsa akwai wani Barume da ke zaune a ƙasarsu, yakan tsinto iri da 'ya'yan itatuwa da ganyaye ya kai masa, ya tambaye shi sunayensu a harshensa ya rubuta. Yana ɗan shekara 17 ya auna tsayin rana a lokacin zawali, ya fitar da nisan garinsu daga layin da ya raba duniya biyu, abin da malaman falaki na Larabci ke kira ardul baladi. Bai daɗe ba ya ƙera rabin ƙwallo mai faɗin zira'i 10, yana zana garuruwa a kansa gwargwadon nisan da ke tsakaninsu.

A shekara ta 385 (995) yana wani ƙauye a yammacin kogin Jaihun, ya kafa wani babban zobe na awon rana, sai yaƙi ya ɓarke. Sarkin Jurjaniyya ya ci Kas, ya kashe sarkinta, gidan da Biruni ya tashi a inuwarsa ya rushe. Ya gudu ya bar awon bai kammala ba, rabin ƙwallon nan da bayanan da ya tara suka salwanta. Ya isa birnin Rayyu, kusa da Tehran ta yau, hannu babu komai, har ya ba da labarin wani mai duban taurari da ya raina maganarsa a kan wata mas'ala don kawai ya gan shi cikin talauci, daga baya da hali ya gyaru mutumin ya dawo yana neman abota. A Rayyu ya haɗu da Hujandi, wanda ya gina wa sarki Fahrud Daula wata ƙatuwar na'urar awon rana a kan tudu. Biruni ya siffanta na'urar dalla-dalla, ya kuma bayyana cewa ƙofar da hasken rana ke shigowa ta cikinta ta ɗan nutse saboda nauyin gini, wannan ne ya jawo ɗan kuskure a sakamakon. Tun yana saurayi halinsa ke nan: ba ya karɓar adadi sai ya san da wane abu aka auna shi.

Bayan shekara biyu ya koma Kas na ɗan lokaci, ya yi wani aiki da ya kamata ɗalibai su tsaya su fahimta. Sanin nisan gari daga arewa zuwa kudu abu ne mai sauƙi, rana da taurari suna bayar da shi. Mai wuya shi ne nisan gabas da yamma, domin yana buƙatar mutum biyu a garuruwa biyu su san lokaci guda, a zamanin da babu waya babu agogon hannu. Sai Biruni ya yi wasiƙa da Abul Wafa Buzjani, dattijon malamin lissafi da ke Bagadaza, suka shirya kowa ya duba husufin wata na ranar 24 ga Mayu, 997 daga garinsa. Husufin wata yana faruwa a lokaci ɗaya ga duk wanda ke ganin watan, abin da ya bambanta shi ne sa'ar dare a kowane gari. Da suka gwada abin da suka rubuta, suka sami tazarar kusan sa'a guda. Tunda rana tana kewaya digiri 360 a sa'a 24, kowace sa'a tana daidai da digiri 15, ke nan sun san tazarar garuruwan biyu ba tare da ɗayansu ya hau raƙumi ba.

A waɗannan shekaru ne ya yi musayar wasiƙu da Ibn Sina, wanda ya girme wa da shekara bakwai. Biruni ya aika masa da tambayoyi yana ƙalubalantar Aristo, cikinsu har da dalilin da ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa alhali ruwa ne da ya daskare, da dalilin da ya sa tulu ke fashewa idan ruwan cikinsa ya daskare. Ibn Sina ya kare Aristo, Biruni bai gamsu ba ya mayar da raddi. Babban saɓaninsa da masu falsafa shi ne cewa shi ya tsaya a kan duniya fararriya ce, tana da mafari, bai yarda da maganar cewa ta kasance tun fil azal ba.

Daga nan ya zauna a fadar Ƙabus ɗan Wushmagir a Jurjan, kudu maso gabashin tekun Kaspiyan, inda a wajen shekara ta 390 (1000) ya rubuta Al-Asarul Baƙiya. Littafi ne a kan kalandun al'ummai da bukukuwansu, amma a tsakiyarsa ya yi dogon bayani a kan ruwa. Ya bayyana cewa Jaihun yana cika a lokacin zafi ne saboda dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsun da ya taso daga cikinsu a lokacin take narkewa, kogin Nilu kuma yana cika a lokacin zafi saboda ruwan saman da ake yi a ƙasar Habasha da kudancinta. Sannan ya shiga mas'alar da ta rikita mutanen zamaninsa, wato idon ruwan da ke bulbulowa sama da kansa, da ƙoramar da ake ganin kamar tana hawan tudu. Amsarsa ita ce ruwa ba ya wuce tsayin matattararsa. Duk inda aka ga yana tasowa, to akwai tafkinsa a ɓoye a wani wuri da ya fi nan tudu, kuma hanyar da ke tsakaninsu a toshe take ta kowane gefe. Duk wanda ya ga magina suna daidaita harsashin gini da tiyo mai ruwa a ciki ya ga wannan ƙa'ida da idonsa, ita ce kuma take sa wasu rijiyoyin burtsatse a yankin Tafkin Chadi suke zubar da ruwa ba tare da famfo ba.

Ya koma Huwarizm ya yi hidima a fadar Jurjaniyya, har ya zama ɗaya daga masu ba sarki shawara. A shekara ta 1017 Miladiyya sojoji suka kashe sarki Abul Abbas Ma'amun, Sultan Mahmud na Gazna ya zo da runduna ya mamaye ƙasar, ya tafi da malamanta, Biruni na cikinsu. Tafiyar ba ta son rai ba ce. Shekara guda bayan haka mun same shi a wani ƙauye kusa da Kabul cikin ƙunci, babu kayan aiki ko ɗaya. Sai ya juya bayan allon lissafinsa ya zana rubu'in da'ira, ya rarraba shi digiri-digiri, ya rataya zare mai nauyi a ƙarshe, da wannan ya auna rana ya fitar da matsayin ƙauyen. Gazna, wadda ke cikin Afganistan ta yau, ita ta zama mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa, daga can ne kuma hanyar Indiya ta buɗe masa.

Yanzu sai batun awon duniya. Kasancewar ƙasa a dunƙule ba sabon labari ba ne ga malaman Musulmi na wancan lokaci. Kusan shekara 200 kafin Biruni, Halifa Ma'amun ya aika masana zuwa filin Sinjar a ƙasar Iraƙi, suka yi ta tafiya kudu da arewa suna auna ƙasa da igiya har tsayin taurari ya sauya da digiri ɗaya, suka sami mil 56 da biyu bisa uku a kowane digiri. Biruni ya ga ruwayoyin wannan awo sun sha bamban a littattafai, ya so ya sake shi da kansa a wani fili a arewacin Jurjan, amma wahalar hamada da rashin mataimaki suka hana. Sai ya koma ga wata hanya da ba ta buƙatar ayari, kuma ya faɗi wanda ya riga shi gwada ta, wato Sanad ɗan Ali, ɗaya daga masanan Ma'amun.

A sansanin Nandana, cikin duwatsun gishiri na yankin Punjab a Pakistan ta yau, ya sami dutse da ke fuskantar wani shimfiɗaɗɗen fili wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Ya fara da auna tsayin dutsen daga gindinsa ta hanyar kusurwoyi, ya sami zira'i 652 da ɗan ɗori. Sannan ya hau ƙololuwa ya dubi inda sama ta haɗu da ƙasa. Mutumin da ke tsaye a fili yana ganin wannan mahaɗa daidai da idonsa, amma wanda ya hau sama sai ya ɗan sunkuyar da kallonsa kafin ya gan ta, saboda bayan ƙasa yana lanƙwasawa yana sauka. Wannan ɗan sunkuyawa shi Biruni ya auna, ya same shi daƙiƙa 34, daƙiƙa kuwa a nan kashi ɗaya ce cikin sittin na digiri. Layin da ya tashi daga idonsa ya shafi bayan ƙasa, da layin da ya tashi daga wurin shafar zuwa cibiyar duniya, da wanda ya dawo daga cibiyar zuwa kan dutsen, su uku sun haɗa alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa. Da tsayin dutse da kusurwa guda, lissafi ya ba shi nisan da ke tsakanin doron ƙasa da cibiyarta, kimanin zira'i miliyan 12.8, wanda ya sa kowane digiri ya zama kusan mil 56.

Idan aka mayar da wannan adadi zuwa ma'aunin yau ana samun kusan kilomita 6,340, masana na yanzu kuwa suna cewa 6,371. A nan ne muke so ɗalibai su yi hattara da abin da ake yaɗawa. Mayar da zira'i zuwa mita ya danganta da wane zira'i aka ɗauka, domin suna da yawa. Kuskuren daƙiƙa ɗaya tak a cikin 34 ɗin nan yana sauya sakamako da sama da kilomita 300. Iska kuma tana lanƙwasa haske, tana ɗaga mahaɗar sama da ƙasa sama da inda take, wannan bai shiga lissafinsa ba. Saboda haka kusancin adadin nasa da na yau akwai dace a ciki. Shi kansa bai yi kurin da ake yi masa ba. Ya ɗauki awonsa a matsayin shaida da ke ƙarfafa na mutanen Ma'amun, ya ci gaba da aiki da nasu adadin, bisa hujjar cewa kayan aikinsu sun fi nasa kyau kuma sun fi shan wahala a kai. A wurinmu wannan ya fi adadin daraja, kuma hali ne da muka sani a wurin malaman hadisi, waɗanda ke fifita ruwayar wanda ya fi su kiyayewa a kan tasu.

Me ya sa duk wannan wahala? Amsar tana cikin littafinsa Tahdidu Nihayatil Amakin, wanda ya kammala a Gazna a shekara ta 416 (1025). Babban burin littafin shi ne gano matsayin Gazna da fitar da alƙiblarta. Allah ya umarci Musulmi a cikin Suratul Baƙara su fuskanci Masallaci Mai Alfarma a duk inda suke, kuma wanda ke nesa da Makka ba zai san sashen da take ba sai ya san inda yake, ya san inda take, ya san siffar abin da ke tsakaninsu. Biruni ya bi hanyoyin fatake daga Bagadaza zuwa Gazna ta fuska biyu, ɗaya ta Rayyu da Jurjaniyya da Balhu, ɗayar ta Shiraz da Zaranj. A kowane zango yana ɗaukar nisan da matafiya suka sani, ya rage wani kaso saboda karkacewar hanya, ya haɗa da awon rana na garuruwan biyu, ya fitar da tazarar gabas da yamma. A ƙarshe ya sami digiri 24 da daƙiƙa 20 tsakanin Bagadaza da Gazna, kuskuren bai kai rabin digiri ba. Bayan hanyoyin lissafi masu zurfi, sai ya kawo wata sassauƙa ta zana da'ira a ƙasa domin magina, don ya san ba malamin lissafi ne zai kafa mihrabi ba.

Wannan mas'ala ta shafe mu kai tsaye. A bakinmu gabas da alƙibla sun zama abu ɗaya, har mukan ce mutum ya fuskanci gabas idan muna nufin ya tayar da salla. Amma Makka tana arewa da mu sosai. Mai salla a Kano, idan ya bi irin lissafin Biruni, zai sami alƙiblarsa a kimanin digiri 68 daga arewa, wato ya karkata hagu daga tsantsar gabas da sama da digiri 20. Malaman fiƙihu sun sauƙaƙa wa na nesa, sun ce fuskantar sashen ya isar, kuma ba muna cewa sallar kowa ta ɓaci ba. Sai dai wanda zai kafa sabon masallaci da mutane za su yi salla a ciki shekara ɗari, ga ilimin a hannu, ba shi da uzurin yin kirdado. Haka batun lokutan salla: Biruni ya rubuta littafi sukutum a kan inuwa, Ifradul Maƙal, inda ya yi bayanin zawali da shigar la'asar bisa saɓanin mazhabobi, a wani littafin kuma ya ƙayyade ketowar alfijir da lokacin da rana take digiri 18 a ƙarƙashin mahaɗar sama da ƙasa, adadin da jadawalin salla da yawa suke amfani da shi har yau. A littafin inuwar ya ba da labarin wani ladani da ya ƙi na'urar sanin lokaci don an rubuta sunayen watannin Rumawa a jikinta, har ya zarge shi a addininsa. Biruni ya nuna masa cewa Rumawa suna cin abinci suna kuma shiga kasuwa, in haka ne sai ya bar waɗannan ma. Lokutan salla da rana suke tafiya, dole jadawalinsu ya bi watannin rana.

Muƙaddimar Tahdid ita ce wurin da ya fi zurfafa magana a kan ita kanta ƙasar. Ya ce mai haƙa rijiya a hamadar Larabawa yana ratsa hawa-hawa na turɓaya da yashi da tsakuwa, yana kuma cin karo da duwatsun da idan aka fasa su ake samun wuri da bawon halittun ruwa a ciki, wasu da jikinsu, wasu sun ruɓe sun bar gurbin siffarsu. Daga nan ya yanke cewa wurin teku ne a da. Ya dubi duwatsun da aka gina da mulmulalliyar tsakuwa manne da juna, ya ce tsakuwa ba ta mulmuluwa sai ruwa ya daɗe yana gangara da ita, ke nan wannan tsauni a da kwarin kogi ne. Ya kawo labarin kututturan dabino da aka gani a wani wuri a ƙasar Kirman inda sanyi ya hana dabino fitowa a zamaninsa, alamar cewa yanayin wuri ma yana sauyawa. Ya bi tarihin Jaihun, kogin ƙuruciyarsa, ya nuna cewa ya taɓa zuba a tekun Kaspiyan kafin hanyarsa ta toshe ya juya, ya bar garuruwa suka zama kufai. Ƙarshen maganarsa shi ne teku yana komawa tudu, tudu yana komawa teku, a cikin zamunna masu tsawo da hankali shi kaɗai ba zai iya ƙidaya su ba. Ya faɗi haka yana mai riƙe da cewa duniya halitta ce mai mafari, bai ga karo tsakanin biyun ba, mu ma ba mu gani ba. Wanda ya ga bawon halittun teku a cikin farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato, ɗaruruwan kilomita daga gaɓar teku, ya ga irin hujjar da Biruni ya kafa. Tafkin Aral kuwa, inda Jaihun ke zuba, mafi yawansa ya ƙafe daga shekarun 1960 zuwa yau, bayan an karkatar da ruwan kogin zuwa gonakin auduga.

Shekarun da ya yi yana shiga arewa maso yammacin Indiya ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta Tahƙiƙu Ma Lil Hind mai babi 80 a wajen shekara ta 421 (1030), shekarar da Mahmud ya rasu. Bai ɓoye ba cewa hare-haren Mahmud sun rusa arzikin ƙasar, sun dasa ƙiyayyar Musulmi a zukatan mutanenta, sun sa iliminsu ya gudu zuwa Kashmir da Banaras. Mutumin da ke cin abinci a ƙarƙashin wannan daula ne ya rubuta haka. A cikin littafin ya lura cewa duk inda aka haƙa a filayen Indiya ana samun mulmulallun duwatsu, manya a kusa da tsaunuka inda kogi ke da ƙarfi, ƙanana idan aka yi nisa, sai yashi zalla a kusa da teku inda ruwa ya lafa, ya ce da wuya mai tunani ya ga haka bai ɗauka cewa filin nan teku ne da koguna suka cike da abin da suke ɗaukowa ba. Ya siffanta daminar Indiya, ya bayyana yadda tsaunukan arewa suke tare gizagizai masu nauyi su matse ruwansu a gefe guda, Kashmir da ke bayansu ta samu dusar ƙanƙara a maimakon damina. Ya yi magana a kan cikowar teku da janyewarsa a Somnat da alaƙarsu da wata, da tsibiran da yashinsu ke nutsewa wani ya ɓullo, mutane su kwashe itatuwan kwakwarsu su koma sabon.

Akwai abin da ake jingina masa wanda ya wuce gona da iri. Ya tattauna ra'ayin cewa ƙasa ce ke juyawa, ya yaba wa na'urar da Sijzi ya ƙera bisa wannan ra'ayi, ya ce lissafin falaki yana tafiya daidai ko an ɗauki wannan ko wancan, amma a ƙarshe ya zauna a kan cewa ƙasa a tsaye take. Masu cewa shi ya gano Amurka su ma sun ja maganarsa fiye da inda ta tsaya. Sannan littafinsa At-Tafhim, wanda ya rubuta wa wata mace mai suna Raihana 'yar Hasan a tsarin tambaya da amsa, ɓangarensa na ƙarshe a kan hukunce-hukuncen taurari ne, sana'ar da sarakunan lokacin suke ɗaukar malaman falaki dominta. Shi kansa ya nuna raunin amincewarsa da ita. Matsayin shari'a a kan neman sanin gaibu ta taurari a fili yake, haramun ne, kuma girman Biruni ba ya sauya wannan. Abin da muke ɗauka a wurinsa shi ne lissafin tafiyar rana da wata, wanda malamai suka halatta suka kuma yi aiki da shi.

A zamanin Sultan Mas'ud ɗan Mahmud hali ya sassauta masa, ya rubuta Al-Ƙanunul Mas'udi mai maƙala 11, cikinsa da jadawalin matsayin wurare kusan 600. Yaƙut Al-Hamawi ya ruwaito cewa Mas'ud ya aika masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali. A zamanin Maudud ɗan Mas'ud ya rubuta Al-Jamahir a kan duwatsu masu daraja da ƙarafa. Ya ƙera wani tulu mai ɗan bututu a wuya, yakan cika shi da ruwa ya jefa yaƙutu ko zinariya ko dalma da ya riga ya auna, ya tari ruwan da ya zubo ya auna shi, da haka ya san nauyin kowane abu idan aka gwada shi da ruwa mai girmansa. Ya sami zinariya ta ninka ruwa sau 19 da ɗoriya, ma'aunin yau yana cewa 19.3. Amfanin wannan a kasuwa shi ne gane zinariyar da aka yi wa gami da dutsen jabu.

A shekara ta 427 ya jera sunayen littattafansa, suka kai 113, ya kuma ci gaba da rubutu bayan haka har jimillarsu ta haura 140. Waɗanda suka iso mu ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Kusan dukkansu da Larabci ya rubuta su ko da yake ba harshen uwarsa ba ne, domin yana ganin shi ya fi dacewa da ilimi, sai dai ya koka da masu kwafar littattafai da ke sakaci da ɗigon haruffa har sunan magani ko adadi ya lalace. Na ƙarshensu shi ne As-Saidana a kan magunguna, ya rubuta shi bayan ya haura shekara 80 a ƙidayar wata, ganinsa da jinsa sun yi rauni, yana aiki da mataimaki.

Yaƙut ya kawo labarin wani malamin fiƙihu, Abul Hasan Walwaliji, da ya shiga duba shi yana gargarar mutuwa. Biruni ya tambaye shi wata mas'alar gado da suka taɓa tattaunawa a kan rabon kakanni mata. Malamin ya ji tausayinsa ya nuna cewa ba lokacinta ba ne, Biruni ya nuna masa cewa ya fi son ya bar duniya yana sane da ita. Malamin ya maimaita masa mas'alar, ya fita, yana kan hanya ya ji kuka ya tashi a gidan. Mafi shaharar ruwaya ita ce ya rasu a Gazna a shekara ta 440 (1048), wasu masu bincike kuma suna kai rasuwar bayan 442, bisa abin da ya faɗa game da shekarunsa a cikin As-Saidana. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.